Zauren Mai Gyara: antibirus uku a kwamfuta ɗaya, ga ta kuma tana rarrafe

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka iso ni wannan karon sun taru a wuri ɗaya: kwamfutar gida da ta yi nauyi, da birus, da neman antibirus na kyauta. Na zaɓi huɗu. Na farko daga Tawa ya fito, kuma a kansa zan fi daɗewa, don abin da malamar ta bayyana shi ne abin da ake ajiye mini kusan kullum a kan teburin shagona nan Yamai.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni malamar lekol ce a Tawa. Ina da kwamfutar hannu ƙirar HP, na saye ta gwanjo shekara huɗu da suka wuce, Windows 10 ke cikinta. Da ita nake rubuta tambayoyin jarrabawa da makin ɗalibai, ɗiyana kuma suna kallo da wasa da ita. Watan jiya na kai kilena wurin buga takarda. Da na dawo na sa shi a kwamfuta, sai na tarar duk dosiyoyina sun koma "raccourci", masu ƴar kibiya a gefe. Tun lokacin, in na kunna ta sai in dafa shayi in sauke ba ta gama buɗewa ba. Na kai ma wani mai gyara, ya karɓi jika biyar, ya sa mini antibirus uku, ya ce wanda ɗaya bai kama ba ɗayan zai kama. Yanzu ta fi da nauyi, kowane kuma da nashi saƙon da yake fitowa da shi. Ya ce in ba ta gyaru ba sai a formate ta. Aikina na shekara huɗu na ciki, da hotunan mahaifiyata da ta rasu. Ƙaƙa zan yi? Kuma wane antibirus na kyauta ya kamata in sa?

AMSA: Malama, Allah ya jiƙan Inna, ya sa aljanna ce makomarta. Ki kwantar da hankalinki, abin da ke cikin kilen nan yana nan. Amma kada ki yarda kowa ya formate kwamfutar ko kilen sai kin ga hotunan da takardunki da idonki a wani wuri daban. Ina da dalilin nacewa a kan haka. Farkon shigata sana'ar nan, wata baiwar Allah ta kawo mini kwamfutar mijinta da ya rasu, ta ce ta yi nauyi. Na formate ta ban tambayi abin da ke ciki ba. Da ta dawo ta ce ina hotunan, ban sami bakin amsawa ba. Mun ceto kaɗan, mafi yawa sun tafi. Tun ranar ban sake goge faifan kowa ba sai mun zauna tare ya nuna mini abin da ba ya so ya rasa.

Don haka aikin farko shi ne kwashewa. Ki haɗa wayarki da kwamfutar da kebul, ki tura mata hotunan Inna da takardun aikinki daga "Documents" da "Images" da "Bureau". Na ce waya ban ce sabon kile ba, saboda irin wannan birus ɗin yana faɗa ma duk kilen da aka sa, amma galibi ba ya iya bin waya ta kebul. Hotuna da takardu kawai za ki ɗauka. Duk abin da sunansa ya ƙare da .exe ko .vbs ko .lnk ki bar shi inda yake.

Yanzu ga abin da ya faru da kilenki. Birus ɗin nan ɗan ƙaramin rubutun umarni ne. In ya shiga kile sai ya ɓoye dosiyoyi na gaskiya, ya ajiye na ƙarya masu suna iri ɗaya a gurbinsu. In kika danna na ƙaryan, sau da yawa zai buɗe miki dosiyen da kike nema don kada ki yi zargin komai, shi kuma a daidai lokacin ya kwafi kansa cikin kwamfuta, ya yi ma kansa mazauni cikin abubuwan da ke tashi tare da Windows. Daga nan duk kilen da ya shigo gidanki zai fita da shi. Masu wurin buga takarda ba da gangan suke yi ba. Na'ura ɗaya ce kile barkatai ke shiga cikinta daga safe zuwa dare. In kina son ki gani da kanki cewa kayanki suna nan, ki danna kilen da maɓallin dama na linzami, ki zaɓi "Propriétés". Za ki ga wurin da aka cinye yana nan yadda yake a da. Ki rufe, ki cire kilen, ki ajiye shi. Kwamfutar za mu fara wankewa, don in aka wanke kile aka mayar da shi cikin kwamfuta mai ciwo, nan take zai sake kamuwa.

Antibirus ukun nan su ne rabin nauyin da kike gani. Antibirus yana tsayawa ne tsakanin Windows da kowane fayil, ba a buɗe komai sai ya duba. In sun zama uku, kowane fayil sai an duba shi sau uku, sannan su koma suna duba junansu, wani ma ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin ɓarawo. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, balle uku. Akwai kuma abin da ya fi nauyin muni. Windows 10 yana zuwa da nashi antibirus, Microsoft Defender, kuma an tsara shi ne ya ja gefe da zarar an sa wani. In waɗanda aka sa miki daga wani tsohon kile aka ɗebo su, ba a sabunta su ba tun watanni, ko kuma na sata ne da aka fasa musu makulli, to an sallami mai gadi mai ido biyu, an ɗauko uku masu barci. Ba na zargin mai gyaran da mugunta. Da yawanmu haka muka koya a wurin iyayen gidanmu, lokacin Windows XP, sa'ad da Windows ke zuwa babu antibirus a cikinsa. Zamanin ne ya wuce, hannu bai daina ba.

Ki shiga "Paramètres", sannan "Applications", ki cire su ɗaya bayan ɗaya, kina sake kunna kwamfutar bayan kowane. In wani ya ƙi fita, manyan kamfanonin suna da ƴar manhajar cirewa ta musamman a shafinsu: ta Avast ana ce mata Avast Clear, ta McAfee kuma MCPR.

Wane za ki sa a madadinsu? Babu. Ki bar Defender ya dawo bakin aikinsa. Na san masu gyara da yawa za su ce na rage musu ciniki, amma gaskiyar ke nan. Tun daga Windows 8, a 2012, Defender ya zama cikakken antibirus. A shekarun farko ya yi rauni, kuma wannan tsohon sunan ne har yanzu ke bin sa a kasuwa. Yau kuwa, cibiyoyin da sana'arsu ita ce gwada antibirus, irin su AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus da AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, suna sa shi a sahu ɗaya da waɗanda ake saye da kuɗi wajen kama birus. Ba ya ƙarewa bayan wata ɗaya, ba ya damun ki da tallar sayen babbansa, kuma da Faransancin da kwamfutarki ke yi zai yi miki magana.

Sauran na kyautan ba na banza ba ne, amma ya kamata mutum ya san abin da yake ɗauka. Avast da AVG da Avira duk suna kama birus sosai, kuma tun 2022 gida ɗaya suke, ƙarƙashin kamfanin Gen Digital. Avast ya sayi AVG tun 2016, injinsu ma ɗaya ne, don haka wanda ya haɗa su a kwamfuta ɗaya abu ɗaya ya sa sau biyu. Abin da ke hana ni ba da shawararsu ga mai tsohuwar na'ura shi ne yawan saƙonnin talla da ƴan manhajojin da suke jawowa. Ga kuma abin da ya fito fili a Janairun 2020, cewa wani reshen Avast mai suna Jumpshot yana sayar da bayanan shafukan da masu amfani da shi ke ziyarta. An rufe reshen, kuma a 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta sa kamfanin ya biya dalar Amurka miliyan 16.5. Kyauta ma tana da farashinta, wani lokacin ba da kuɗi ake biya ba. In mutum ya nace sai wani ba Defender ba, na kyauta na Bitdefender, kamfanin ƙasar Romaniya, shi ne na ga ya fi shiru. Kaspersky na Rasha shi ma gwani ne wajen kamawa, ko da yake Amurka ta hana sayar da shi a ƙasarta a 2024 bisa dalilan tsaro, zargin da kamfanin ya musanta. Smadav kuwa, wancan mai koren tambari na Indunusiya da ke cikin kusan kowace kwamfuta a garin nan, masu yin sa da kansu sun ce mataimaki ne, an yi shi ne ya zauna kusa da babban antibirus ya lura da kile. Wanda ya dogara da shi kaɗai ya bar ƙofar gida a buɗe yana gadin taga. Ko wanne mutum ya zaɓa, ɗaya kawai, kuma daga shafin kamfanin da kansa. Antibirus da aka fasa ma makulli kuwa kada ya kusanci na'urarki, don wanda ya fasa shi ya sami damar zuba duk abin da ya ga dama a ciki.

Bayan kin cire ukun, ki buɗe "Sécurité Windows", ki shiga "Protection contre les virus et menaces". Akwai wuri ɗaya da nake so ki leƙa kafin komai, don masu gyara da yawa ba sa kallonsa: "Gérer les paramètres", can ƙasa "Exclusions". Nan ake rubuta wuraren da aka ce ma Defender kada ya duba. Manhajojin da ake buɗe Windows da Office na sata da su suna yawan sa mai na'ura ya kashe Defender ko ya keɓe musu wuri, birus kuma ya bi bayansu ya fake a nan. Da ɗan gari akan ci gari. Duk abin da kika tarar a jerin nan wanda ba ke kika sa ba, ki cire shi.

Sai sabuntawa. Ki sayi forfe, ki haɗa intanet, ki danna "Rechercher des mises à jour". Antibirus da ba a sabunta ba yana neman ɓarayin bara ne. Daga nan ki shiga "Options d'analyse", ki zaɓi wanda ke ɗauke da kalmomin "hors ligne". Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, ta yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ya farka, wato kafin birus ɗin ya sami damar ɓuya ko kare kansa. In ta gama, ki bi da "Analyse complète". Wannan zai iya cin sa'o'i a tsohon faifai, don haka ki sa caja, ki bar ta da dare. In akwai tallace-tallace da ke buɗe kansu a Chrome, ko shafin farko ya canza ba da saninki ba, ki sauke AdwCleaner daga shafin Malwarebytes. Ƙarama ce, kyauta ce, ba ta zama a na'ura ta yi gadi. Ki kunna ta, ta share, shi ke nan. Malwarebytes na kyauta ma haka yake bayan ƴan kwanakin gwaji sun ƙare, sai kin kira shi yake bincike, shi ya sa ba ya faɗa da Defender.

Ki kuma danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta shell:startup, ki danna Entrée. In kika ga wani fayil mai ƙarewa da .vbs ko wani suna na haruffa barkatai, ki goge shi.

Yanzu ne za ki ɗauko kilen. Ki sa shi, kada ki buɗe komai a ciki. Ki danna shi da maɓallin dama, ki zaɓi a bincika shi da Microsoft Defender. Ki lura da harafin da Windows ya ba shi, mu ce E. Ki nemo "Invite de commandes", ki rubuta E: ki danna Entrée, sannan ki rubuta wannan daidai yadda yake, da tazararsa:

attrib -h -r -s /s /d *.*

Ki jira har ta gama. Dosiyoyinki za su bayyana. Wani lokacin za ki tarar da su duka cikin wani dosiye marar suna. Ki buɗe shi, suna ciki. Ki kwashe takardunki zuwa kwamfuta, ki tabbatar suna buɗewa, sannan ki formate kilen. Wannan ne kaɗai abin da ya cancanci a formate a labarin nan. Nan gaba, in za ki kai aiki wurin bugawa, ki mayar da shi PDF ki tura ta WhatsApp ko imel. In dole sai da kile, ki keɓe wani ƙarami na yawo wanda ba ya ɗauke da komai sai aikin ranar.

Mai yiwuwa ne bayan duk wannan ki ga har yanzu tana jan ƙafa. Mutane sun saba ɗora ma birus kowane nauyi, alhali na'urori da yawa da ake kawo mini babu birus ko ɗaya a cikinsu. Ki danna Ctrl da Maj da Échap tare, "Gestionnaire des tâches" zai buɗe. A "Démarrage" za ki ga duk abin da ke tashi tare da Windows. Ki kashe wanda ba kya bukata da sassafe, irin manhajojin wasan yara da na saukar da fim. A "Performance" ki kalli "Disque" da "Mémoire". In faifan ya tsaya a kashi 100 cikin 100 minti da yawa ba kya aikin komai, tsohon faifai mai juyawa ne ya gaza. Maye gurbinsa da SSD, wanda ba shi da abin da ke juyawa a ciki, shi ne gyaran da na fi ganin amfaninsa a tsofaffin na'urori: wadda ke cin minti biyar tana buɗewa sai ta koma ƙasa da minti ɗaya. In kuma ƙwaƙwalwar aikin, wato "Mémoire", giga 4 ce, a ƙara ta kai 8. In kina jin faifan yana ƙas-ƙas, kada ki jira, yana gab da mutuwa ne.

Sai zafi da ƙura, waɗanda ku a Tawa kun fi mu sanin su. A Afrilu da Mayu zafin gari kan haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta riga ta cika fankar ciki. Na sha buɗe na'ura in ciro ƙura a dunƙule kamar audugar katifa a bakin mafitar iska. In ƙwaƙwalwar lissafi ta na'ura, wato "processeur", ta ɗau zafi fiye da kima, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, mai ita kuma ya ce birus ne. A buɗe ta sau ɗaya a shekara bayan hunturu, a share fanka, a canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta. Ki hana yara ɗora ta a kan katifa ko darduma, don ta ƙasa take shaƙar iska. Ki kuma buɗe musu nasu asusun na "utilisateur standard", wanda ba ya iya sa manhaja sai da kalmar sirrinki.

Abu biyu suka rage. Wasu daga cikin birus ɗin kile suna ba wani na nesa damar ganin abin da ake rubutawa, don haka ki canza kalmar sirrin imel da Facebook daga wayarki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Na biyu, kamfanin Microsoft ya daina tura ma Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ƙarin wa'adi ga wanda ya yi rajista har zuwa 13 ga Oktoban 2026. Defender zai ci gaba da samun sabuntawarsa a Windows 10 har Oktoban 2028, amma antibirus ba ya like tsagar bango, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki duba "Windows Update" ki ga ko na'urarki za ta ɗauki Windows 11. In ba za ta ɗauka ba, ki karanta abin da na ce ma Alhaji a ƙasa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni, ina zaune Harobanda. Kwana uku ke nan jajayen saƙonni na fitowa a kusurwar allo, suna cewa an gano birus biyar, in danna in sabunta antibirus. Ni ban taɓa sa antibirus ɗin da suke ambata ba. Ina tsakiyar rubuta memuwar, tsoro ya kama ni.

AMSA: Ƙanena, kada ka danna. Ka dubi ƙasan saƙon da kyau, za ka ga sunan Chrome ko Edge da adireshin wani shafi a ƙananan haruffa. Talla ce ta sa rigar antibirus. Wata rana ka shiga wani shafin kallon ƙwallo ko saukar da littafi, ya ce ka danna "Autoriser" don ka nuna kai ba mutum-mutumi ba ne, ka danna. Izinin turo maka saƙo ka ba shi. Shafin intanet ba shi da hanyar bincika faifanka balle ya ƙirga birus. A Chrome ka shiga "Paramètres", "Confidentialité et sécurité", "Paramètres des sites", "Notifications", ka cire duk shafin da ba ka sani ba. In ka riga ka danna ka sauke wani abu, ka cire shi, ka yi binciken da na bayyana ma Malama. Memuwar ɗin kuma, yau ɗin nan ka tura ma kanka kwafi ta imel, ka riƙa yin haka duk daren da ka ƙara shafi.

TAMBAYA: Malam, kwamfutar gidanmu ba ta da intanet, kuma forfe yana da tsada. Ta yaya zan sabunta Defender? Daga wani ma'aikacin jinya a Tawa.

AMSA: Malam, akwai hanya. Microsoft yana ajiye sabuntawar Defender a fayil ɗaya mai suna mpam-fe.exe a shafinsa. Ka sauke shi inda kake da intanet, ka zaɓi na 64-bit ko 32-bit daidai da na'urarka, ka kawo shi gida ka danna sau biyu. Daga shafin Microsoft kaɗai za ka ɗauko shi. In kuma da wayarka kake ba kwamfuta intanet, ka kunna "Connexion limitée" a saitin Wi-Fi don kada Windows ya shanye maka forfe da manyan abubuwa, sannan ka riƙa danna sabunta Defender da hannunka ko sau ɗaya a mako.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Yamai. Kwamfutar gida mai Windows 7 ce, a ciki nake ajiye lissafin bashi da hotunan aikin hajjina. Yarona ya sauke wani wasa na kyauta. Washegari duk takardun suka ƙi buɗewa, an ƙara wasu haruffa huɗu a ƙarshen sunan kowace, ga wata takarda mai suna _readme.txt tana cewa in biya dalar Amurka 980, ko 490 in na yi sauri cikin awa 72. In na sa antibirus za su dawo?

AMSA: Alhaji, sannu da wannan jarrabawa. Ba zan ɓoye maka ba, wannan ya fi na Malama tsanani. Nata ɓoyewa aka yi, naka kullewa aka yi. Alamomin da ka faɗa na dangin STOP/Djvu ne, masu garkuwa da fayil, kuma babbar hanyarsu ita ce manhajoji da wasannin sata da ake saukewa kyauta. Antibirus zai kashe ɓarawon, amma ba zai buɗe abin da ya riga ya kulle ba.

Kada ka biya. Kuɗin ya haura jika ɗari biyar, kuma mutanen da suka yi maka wannan babu abin da zai tilasta musu cika alkawari. Ka cire kwamfutar daga intanet, kada ka sa mata wani kile. Kada kuma ka goge fayilolin da aka kulle. Ka sa mai gyara ya kwashe su duka, har da takardar barazanar, zuwa wani faifai daban. Akwai shafin No More Ransom, wanda ƴan sandan Holan da Europol, hukumar ƴan sandan Tarayyar Turai, suka kafa a 2016 tare da kamfanonin tsaro, yana da Faransanci, kuma kyauta ake duba ko akwai makullin irin naka. Kamfanin Emsisoft ma ya fitar da manhajar buɗe STOP/Djvu kyauta a 2019. Tana aiki ne in birus ɗin bai sami isa ga iyayen gidansa ta intanet ba lokacin da yake kullewa, ya yi amfani da makullin da ya zo da shi. In ya samu ya karɓo makulli na musamman dominka, babu mai iya buɗewa a yanzu, kuma duk wanda ya ce zai buɗe maka in ka biya shi, ka yi hattara da shi. Ka ajiye faifan dai, don an sha samun makullai bayan shekaru, in aka kama masu laifin. Wannan birus ɗin farkon fayil kawai yake kullewa, don haka manyan bidiyo wani lokacin ana iya ceto mafi yawansu.

Kafin nan ka bi sawun kayanka a wasu wurare. Hotunan hajji, ka duba wayar da aka ɗauke su da ita, da WhatsApp na ƴaƴanka da abokan tafiyarka. Na sha ganin an tattaro fiye da rabi ta haka. Lissafin bashi kuma, ka duba imel da tsofaffin kile da takardun da aka taɓa bugawa. Ka canza kalmomin sirrinka daga waya yau, don wannan dangin yana yawan zuwa tare da ɓarawon kalmar sirri.

Wannan na'urar, bayan an kwashe komai, ita kam sai an formate ta. Amma kada a mayar mata da Windows 7, wanda aka daina gyara tun 14 ga Janairun 2020. Ka tuna birus mai garkuwa da fayil WannaCry a Mayun 2017, wanda ya shiga ƙasashe sama da 150 har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila: ta wata kafa ya bi wadda Microsoft ya riga ya fitar da gyaranta wata biyu kafin nan, amma na'urori da yawa ba su karɓa ba. In na'urar ba za ta ɗauki Windows 11 ba, a sa mata Linux Mint, wani tsari da ke maye gurbin Windows. Kyauta ne ta halal, yana da Faransanci, yana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel, kuma birus ɗin Windows ba sa tashi a cikinsa. Na sa ma ƴan kasuwa da dama, mako ɗaya suka saba.

Yaron kuma, Alhaji, a yi masa a hankali. Abin da ya yi manya masu digiri suna yin sa kullum. Ka zaunar da shi ka nuna masa takardar barazanar, sannan ka ɗora masa aiki: ka sayi faifan waje, duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kwafe lissafin mako da sababbin hotuna a ciki, ya cire kebul ɗin, ya kawo maka ka sa a akwati. Cirewar nan kada ya manta da ita, don faifan da aka bari a haɗe, tare da sauran ake kulle shi.